Amana Tsakanin Baƙi: Tahir Elgamal da Tarihin Tsaron Ciniki ta Intanet

Gabatarwa

Tun lokacin da ɗan Adam ya fara saye da sayarwa da wanda ba ɗan garinsu ba, matsala ɗaya take bin sa duk inda ya sa gaba, watau yadda zai amince da mutumin da bai sani ba. Fatake sun warware tasu ta hanyar mai masauki da dillali, waɗanda suke tsayawa lamuni tsakanin baƙo da ɗan gari. Sarakuna kuwa sun warware tasu da hatimi da amintaccen manzo. Amma ciniki ta intanet ya zo da wani hali wanda magabata ba su taɓa gani ba. Mai saye da mai sayarwa ba su ga juna ba, babu dillali a tsakani, saƙon da yake ɗauke da lambar katin kuɗi kuma sai ya ratsa na'urori da dama na mutanen da ba a sani ba kafin ya isa inda aka nufa. Kowane ɗaya daga cikinsu yana iya karanta shi, ko ya sauya shi, ko ma ya yi sojan gona ya ce shi ne bankin.

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka shawo kan wannan matsala tsakanin 1976 da 1999, ta hanyar duba aikin Tahir Elgamal, masanin kimiyyar kwamfuta ɗan ƙasar Masar, wanda ya sa hannu a ɓangarori biyu na tarihin, watau lissafin da aka gina tsaron a kansa, da kuma shigar da lissafin cikin kasuwa.

Tsohuwar Matsalar Mabuɗi

Ilimin ɓoye saƙo tsoho ne ƙwarai. Mafi sauƙin nau'insa ya yi kama da zaurancen da yara suke yi, inda ake sauya harafi da wani harafi bisa ƙa'idar da mutum biyu suka shirya a tsakaninsu. A ƙarni na tara, a Bagadaza, malamin falsafa Alkindi ya rubuta risala inda ya nuna yadda ake tona irin wannan rubutu. Ya lura cewa a kowane harshe wasu haruffa sun fi wasu yawan fitowa, kamar alifi da lamun a Larabci. Saboda haka in aka ƙirga alamomin da ke cikin ɓoyayyen saƙo, wadda ta fi yawa ita ce mai yiwuwa take tsaye a madadin harafin da ya fi yawa a harshen. Daga nan aka shiga tsere tsakanin masu ƙulli da masu kwancewa, har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da masana lissafi na Folan da na Ingila suka karya sirrin na'urar Enigma ta Jamusawa.

Duk da ci gaban da aka samu cikin waɗannan ƙarnuka, abu ɗaya bai sauya ba. Mabuɗin da aka kulle saƙo da shi, shi ne dai ake buɗewa da shi. Ashe ke nan, dole mai aikawa da mai karɓa su sadu tun farko su raba mabuɗi, ko su sami amintaccen manzo ya kai. Wannan mai yiwuwa ne ga rundunar soja, ko ma'aikatar harkokin waje, ko manyan bankuna masu jakadun da suke yawo da jaka a kulle. Ga kantin da yake son ciniki da mutum miliyan ɗaya waɗanda bai taɓa gani ba kuwa, babu hanya. Ko ma'aunin DES da gwamnatin Amurka ta amince da shi a 1977 don bankuna da ma'aikatu, a kan wannan tsohon tsari yake.

Sabuwar Dabara ta 1976

A watan Nuwamba na 1976, Whitfield Diffie da Martin Hellman na Jami'ar Stanford da ke Kalifoniya suka buga maƙalar da ta juya al'amarin, bisa wani tunani da ɗalibi Ralph Merkle shi ma ya yi nisa a kansa. Sun nuna cewa mutum biyu suna iya shirya mabuɗin sirri a bainar jama'a, kowa yana jin abin da suke faɗa, amma ba wanda zai san mabuɗin sai su.

Dabarar ta dogara ne a kan lissafin saura, irin wanda ake yi da agogo, inda awa biyar bayan ƙarfe goma take zama ƙarfe uku. Alal misali, a ce mutum biyu sun yarda a fili za su yi aiki da 17 da 3. Na farko ya zaɓi 4 a zuciyarsa, ya jera 3 sau huɗu ya ninka su, ya sami 81. Ya raba da 17, saura 13. Sai ya faɗi 13 da ƙarfi. Na biyu ya zaɓi 6 a zuciyarsa, ya jera 3 sau shida ya ninka, ya sami 729. Ya raba da 17, saura 15. Shi ma ya faɗa. To, sai na farko ya ɗauki 15 ɗin da ya ji, ya jera ta sau huɗu ya ninka, ya raba da 17, saura 16. Na biyu kuma ya ɗauki 13, ya jera ta sau shida ya ninka, ya raba da 17, saura 16. Kowannensu ya isa ga 16, ba tare da an furta ta ba, ita ce kuwa mabuɗinsu.

Mai saurare ya ji 17 da 3 da 13 da 15. Kafin ya sami mabuɗin sai ya gano sau nawa aka jera 3 har ta ba da saura 13. Da ƙananan lambobi irin waɗannan yaro ma zai gano ta hanyar gwaji. Amma in a madadin 17 aka sa lamba gagara-raba, watau wadda ba ta rabuwa sai da kanta ko da ɗaya, mai alƙaluma fiye da 600, to ninkawar tana da sauƙi ga kwamfuta, komawa baya kuwa ya gagari duk kwamfutocin da ake da su. Kamar zuba gero cikin rairayi ne: zubawa nan take, tsincewa sai wanda ya shirya ƙarewar ransa a kai.

Shekara guda bayan haka, a 1977, Ronald Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman na Cibiyar Fasaha ta Massachusetts suka fito da tsarin da ake kira RSA, daga haruffan farko na sunayensu. A nan kowane mutum yana da mabuɗi biyu, na fili da na ɓoye. Na filin kamar kwaɗo ne a buɗe wanda mai shi ya raba wa jama'a. Kowa yana iya sa saƙo a akwati ya danna kwaɗon, amma mai mabuɗin ɓoye kaɗai zai buɗe. Ƙarfin RSA ya dogara a kan wuyar gano lambobi gagara-raba guda biyu da aka ninka aka sami wata ƙatuwar lamba. A watan Agusta na 1977 aka buga wata lamba mai alƙaluma 129 a mujalla, aka sa ladan dala 100 ga wanda ya warware ta. Sai a 1994 aka ci ladan, bayan da wajen mutum 600 suka haɗa ƙarfin kwamfutocinsu na tsawon wata takwas.

Wani abin lura a nan shi ne, a ƙarshen 1997 gwamnatin Birtaniya ta bayyana cewa ma'aikatan hukumarta ta leƙen asiri, GCHQ, sun riga kowa. James Ellis ya kawo tunanin wajen 1970, Clifford Cocks ya gano irin lissafin RSA a 1973, Malcolm Williamson kuma ya gano irin na Diffie da Hellman a 1974. Amma da yake aikin na asiri ne, sai ya kwanta a cikin fayil, bai amfani ɗan kasuwa ko ɗaya ba. Ellis ya rasu 'yan makonni kafin a bayyana sunansa.

Ɗalibi Daga Alƙahira

An haifi Tahir Elgamal a Alƙahira a 1955. Ya yi digirin farko a fannin injiniyan lantarki a Jami'ar Alƙahira, ya gama a 1977, sa'an nan ya wuce Stanford, inda ya sami digiri na biyu a 1981 da na dakta a 1984 a ƙarƙashin Martin Hellman. Ya isa can ne a lokacin da fannin yake cikin rigima. A 1977 wani ma'aikacin Hukumar Tsaron Ƙasa ta Amurka, watau NSA, ya rubuta wa ƙungiyar injiniyoyi wasiƙa yana gargaɗi cewa buga irin wannan bincike yana iya saɓa wa dokar fitar da makamai. A taron da aka yi a Jami'ar Cornell a watan Oktoba na shekarar, Hellman ne ya karanta maƙalun ɗalibansa da kansa, don in hukunci ya biyo baya ya faɗa kansa.

Abin da Diffie da Hellman suka bari bai cika ba, domin tsarinsu yana samar da mabuɗi ne kawai, ba ya sa hannu a kan takarda. Elgamal ya ɗauki wannan lissafin saura ya gina abu biyu a kansa, ya gabatar a wani taro a 1984, aka buga a 1985. Na farko hanyar kulle saƙo ce da mabuɗin fili. Abin da ya bambanta ta shi ne, duk lokacin da za a kulle saƙo sai an zaɓi sabuwar lamba ta ka-cici-ka-cici an gauraya da shi, ta yadda ko saƙo ɗaya aka aika sau biyu, kamanninsa a ɓoye ba za su zo ɗaya ba, mai leƙe kuma ba zai gane an maimaita ba.

Na biyu, wanda ya fi tasiri, shi ne sa hannu na lissafi. Hatimin sarki iri ɗaya ne a kan kowace wasiƙa, saboda haka gwanin maƙeri yana iya ƙera irinsa. Sa hannun Elgamal kuwa lambobi biyu ne da ake fitarwa daga haɗuwar mabuɗin ɓoye da kalmomin takardar kanta. Duk mai riƙe da mabuɗin fili yana iya tabbatar da cewa daga mai shi ta fito, amma ba zai iya ƙirƙiro irinta ba. In kuma aka sauya ko da sifili ɗaya a adadin kuɗin da ke ciki, lissafin ba zai daidaita ba. Da wannan aka sami abin da ciniki yake bukata fiye da ɓoyewa ma, watau shaidar da mai ita ba zai iya musunta ta ba.

Elgamal bai yi rajistar mallakar wannan dabara ba, alhali RSA tana ƙarƙashin rajista a Amurka daga 1983 har 2000, duk mai son aiki da ita sai ya biya. Wannan ya sa masu rubuta manhajoji na kyauta suka rungumi tsarinsa. Haka nan kuma, sa'ad da Hukumar Ma'auni da Fasaha ta Amurka ta gabatar da ma'aunin sa hannu na gwamnati a 1991, wanda aka tabbatar a 1994, a kan tsarin Elgamal aka gina shi. Tsarin yana da sharaɗi mai tsanani: in aka maimaita lambar ka-cici-ka-cici a sa hannu biyu, mabuɗin ɓoye ya tonu. A 2010 aka gano kamfanin Sony ya yi wannan kuskure a na'urar wasansa ta PlayStation 3, aka kuwa fitar da mabuɗinsa a idon duniya.

Daga Allo Zuwa Kasuwa

Bayan ya yi aiki a Hewlett-Packard da kamfanin RSA, Elgamal ya zama babban masanin kimiyya na kamfanin Netscape daga 1995 zuwa 1998. Manhajar Netscape ce a lokacin mafi yawan mutane suke shiga intanet da ita, shekarar 1995 kuma ita ce shekarar da Amazon ya fara sayar da littattafai, aka kuma kafa kasuwar gwanjon da ta zama eBay. Kamfanin ya gane cewa ba mai hankalin da zai rubuta lambar katinsa a shafin da kowa yake iya leƙawa, don haka ya fito da ƙa'idar tsaro mai suna SSL.

Ga yadda take aiki a taƙaice. In kwamfutar mai saye ta tuntuɓi ta kanti, sai kantin ya miƙa takardar shaida mai ɗauke da sunansa da mabuɗinsa na fili, wadda wata hukumar lamuni ta sa wa hannu. Manhajar mai saye ta zo da mabuɗan waɗannan hukumomi tun daga masana'anta, saboda haka tana iya tantance sa hannun. In ya inganta, sai ɓangarorin biyu su shirya mabuɗi na wucin gadi ta hanyar lissafin mabuɗin fili, su ci gaba da zance da shi a kulle, domin tsohon tsari ya fi sauri. Duk wannan yana ƙarewa kafin ƙiftawar ido, mai saye bai ga kome ba sai ɗan hoton kwaɗo a gefen allo. Hukumar lamunin nan, irin su VeriSign da aka kafa a 1995, ita ce ta gaji matsayin mai masaukin fatake.

Ana yi wa Elgamal laƙabi da uban SSL, amma gaskiyar tarihi ita ce aikin na mutane da yawa ne. Kipp Hickman ne ya tsara siga ta biyu, wadda aka fitar a 1995, tana kuwa da ɓaraka. A watan Satumba na shekarar, ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Ian Goldberg da David Wagner, suka nuna cewa manhajar Netscape tana samo lambobinta na ka-cici-ka-cici daga agogon kwamfuta da wasu lambobi masu sauƙin cinka, har ana iya gano mabuɗin cikin ɗan lokaci kaɗan. Siga ta uku, ta 1996, Paul Kocher ne ya tsara ta tare da Phil Karlton da Alan Freier. Rawar da Elgamal ya taka ita ce jagorancin aikin da tsayawa a kan a bar ƙa'idar a fili, kowa ya duba ya soka, kowane kamfani kuma ya yi aiki da ita. Microsoft ya fito da tasa ƙa'idar, kuma da kowane kamfani ya riƙe tasa, da kasuwar ta rabu gida-gida. A ƙarshe aka miƙa al'amarin ga kwamitin injiniyoyin intanet, wanda ya fitar da ƙa'ida ɗaya ta kowa da kowa a 1999 da sunan TLS. A 2019 aka ba Elgamal da Kocher lambar yabo ta Marconi saboda wannan aiki.

Gwamnati da Kwaɗon Talaka

A mafi yawan wannan lokaci dokar Amurka tana lissafa manhajar ɓoye saƙo mai ƙarfi cikin jerin makamai. Hujjar hukumomin tsaro ba ta banza ba ce, domin kwaɗon da ya gagari ɓarawo ya gagari ɗan sanda mai takardar kotu. Saboda haka aka tilasta wa Netscape ya yi manhaja iri biyu: ta cikin gida mai mabuɗi na ɗigo 128, da ta ƙasashen waje mai ɗigo 40. Ɗigo 40 yana nufin mabuɗai wajen tiriliyan ɗaya, adadin da kwamfuta take iya gwadawa ɗaya bayan ɗaya. A watan Agusta na 1995 wani mai bincike a Faransa, Damien Doligez, ya karya irin wannan mabuɗi cikin kwana takwas. Watau duk wanda yake Afirka ko Asiya ko Turai, kwaɗon da aka sayar masa na jeka-na-yi-ka ne, da sanin waɗanda suka ƙera shi.

A 1993 gwamnatin ta gabatar da wata 'yar na'ura mai suna Clipper, wadda za a sa a wayoyi, hukuma kuma ta ajiye kwafin kowane mabuɗi. Jama'a da kamfanoni suka ƙi, a 1994 kuma Matt Blaze ya nuna aibi a tsarinta, sai shirin ya mutu. Philip Zimmermann, wanda ya rarraba manhajar PGP kyauta a 1991, ya sha binciken hukuma na shekara uku kafin a janye a 1996. Sai a farkon shekarar 2000 aka sassauta dokar fitarwa.

Amma abin da aka shuka bai fasa tsirowa ba. Raunanan mabuɗan da doka ta tilasta sun ci gaba da zama a cikin manhajoji an manta da su, har a 2015 masu bincike suka nuna cewa mai kutse yana iya yaudarar kwamfutoci biyu su koma aiki da su, sa'an nan ya karya. Ƙofar da aka bari a buɗe don hukuma a shekarun 1990, ɓarayi ta jira shekara ashirin baya. Hukumomin lamuni su ma ba su tsira ba. A 2011 aka kutsa cikin kamfanin DigiNotar na ƙasar Holan, aka buga takardun shaida na jabu da sunan Google, aka yi amfani da su wajen leƙen wasiƙun mutane a Iran. Da aka gano, masu manhajoji suka soke amincewa da kamfanin, bai ƙara wata guda ba ya durƙushe. SSL kanta an yi mata ritaya a 2015 bayan an sami ɓaraka a sigarta ta uku. Siga ta 1.3 ta TLS, wadda aka fitar a 2018, ita ce ta baya-bayan nan.

Kammalawa

Wannan tarihi ya shafi Nijeriya kai tsaye. Dokar Shaida ta 2011 ta amince da sa hannu na lantarki a gaban kotu, kuma a farkon 2023, sa'ad da takardun naira suka yi ƙaranci, miliyoyin mutane sun koma biyan kuɗi ta waya, suna dogaro da ƙa'idar da aka bayyana a sama ko da ba su san sunanta ba. Ma'aikacin gwamnati da yake tsara dokar sadarwa, ko yake sayo manhaja don biyan albashi, yana fuskantar tambayar da Amurka ta fuskanta a 1993: wa zai riƙe mabuɗi, in kuma ya ɓace wa zai ɗauki asara. Abin da ya faru da mabuɗi mai ɗigo 40 ya isa ishara.

Ga ɗalibai kuma akwai abin dubawa a bambancin da ke tsakanin Ellis da Elgamal. Ilimin lambobi gagara-raba ya yi fiye da shekara dubu biyu ana ɗaukarsa wasan ƙwaƙwalwa marar amfanin kasuwa, sai ga shi ya zama ginshiƙin bankunan duniya. Wanda aka kulle a fayil ya tsufa a can, wanda aka buga aka bar masu suka suka yi ta sara kuwa, shi ne ya yi ƙwari.

Tseren kuma bai ƙare ba. A 1994 Peter Shor ya tabbatar da cewa kwamfutar kwantam, in aka gina babba, za ta warware lissafin RSA da na Elgamal gaba ɗaya. Har yanzu ba a gina mai wannan ƙarfi ba, amma saƙon da aka sace aka adana a yau ana iya buɗe shi ranar da aka gina ta. Don haka a watan Agusta na 2024 Hukumar Ma'auni da Fasaha ta Amurka ta fitar da sababbin ma'aunai uku da aka gina a kan wasu matsalolin lissafi dabam, bayan gasar shekara takwas da aka yi a fili, inda masana daga ƙasashe da dama suka kawo tsare-tsare, aka kuma karya wasu a gaban kowa. Sauya makullan bankuna da ma'aikatu zuwa waɗannan sababbi aiki ne na shekaru, kuma kowace ƙasa tana bukatar 'ya'yanta da suka san lissafin da kansu, don kada ta sake karɓar kwaɗon da ba ta iya gwada ƙarfinsa ba.